Ƙuraje Masu Cibiya a Jikin Yaro: Abin da Za a Yi a Gida

 Yau da iyaye mata nake magana, da kakanni, da yayyen da ake bar wa ƙanne su yi musu wanka. Iyaye maza ma kada ku murɗa akwatin rediyon, don ku ake yawan aikawa kemis, kuma abin da kuka sayo shi za a shafa wa yaron.

Batunmu wasu ƙuraje ne da ke fito wa yara, galibi 'yan shekara 1 zuwa 10. Uwa tana cikin cuɗa ɗanta sai hannunta ya ji ɗan tudu a hammata, ko a gefen ciki, ko a bayan gwiwa, ko a wuya. Ta duba ta ga ƙurji ne ƙarami, daga girman ƙwayar gero zuwa na ƙwayar dawa, wato milimita 2 zuwa 5. Yana da tauri, yana da santsi, yana ɗan sheƙi, launinsa na fatar yaron ne ko ya ɗan fi ta haske. In aka fito da yaron tsakar gida aka duba da kyau, za a ga tsakiyar ƙurjin ta lotsa, akwai ɗan rami. Wannan ramin shi ne shaidarsa, shi ya sa zan riƙa ce musu ƙuraje masu cibiya. Likitoci kuwa molaskum suke ce wa cutar. Ba ruwa a cikinsu, ba mugunya, sai wani farin abu mai kauri. Shi kuwa yaron garau yake, ba zazzaɓi, yana cin tuwonsa, yana wasansa, dare ya yi ya kwanta ya yi barcinsa. Wani lokaci ya ɗan sosa, shi ke nan. Yau guda uku ne, bayan wata ɗaya sun zama goma, can kuma wasu su ɓulla a cinya. A nan hankalin gida ke tashi.

Abin da ke kawo su ƙwayar cuta ce ta bairos, kuma ba sabuwa ba ce. Tun a 1817 wani likita ɗan Ingila, Thomas Bateman, ya yi bayaninta. Dangi ɗaya suke da agana, wadda dattawanmu suka sani, mai barin zanzana a fuska, wadda aka yi ta yi wa jama'a lamba saboda ita, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar a 1980 cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. To, kada jin wannan dangantaka ya firgita kowa. Agana shiga jini take ta game jiki. Wannan kuwa iyakarta saman fata. Ba ta shiga jini, ba ta taɓa hanta ko huhu, kuma idan ta warke ba ta laɓewa a jiki ta jira wata rana. Mutum kaɗai take kamawa, don haka ba akuyar gida ba ce ta shafa masa, ba kaji ba ne. Ba gyaɗa ba ce, ba kifi ba, ba ƙwai ba, saboda haka kada a hana yaro abincin da zai gina masa jiki. Kuma ba alamar ƙazanta ba ce. Ɗan gidan da ake yi wa wanka sau uku a rana ma yana kamuwa. Tunda ba a jini take ba, jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa yaro wai don a wanke masa jini ba inda za su same ta, sai dai su jawo masa gudawa.

Kafin mu shiga abin da za a yi a gida, sai an tabbata su ɗin ne. Tambaya ta farko: yaron yana zazzaɓi? Jikinsa ya mutu, ya ƙi abinci? In amsar i ce, to wata magana ake, ba tamu ta yau ba. Ƙarambau da zazzaɓi yake zuwa, ƙurajensa masu ruwa ne, masu tsananin ƙaiƙayi, kuma cikin 'yan kwanaki suke bin jiki duka, har cikin gashin kai. Ƙyanda tana zuwa da zazzaɓi mai zafi, da tari, da majina, da jan ido, ƙurajenta kuma shimfiɗaɗɗu ne, daga fuska suke farawa su gangara. Wannan ta asibiti ce, kuma tana da allurar rigakafi da ake yi wa yara a Najeriya a wata 9 da wata 15. Ƙazuwa ba ta da zazzaɓi, amma ƙaiƙayinta ba ya barin yaro barci, tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma za ka tarar rabin gidan suna susa.

Wadda nake so ku fi riƙewa ita ce ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Najeriya a 2017, a jihar Bayelsa, daga nan aka riƙa samunta a jihohi da dama. Dalilin da ya sa na ware ta shi ne, ita ma ƙurajenta sukan lotsa a tsakiya, har a ɗauka namu ne. Amma tana zuwa da zazzaɓi, da ciwon jiki, da kaluluwa a wuya ko a matsematsi. Ƙurajenta suna zafi, suna tara ruwa da mugunya, suna fitowa har a tafin hannu da tafin ƙafa, kuma cikin kwanaki suke canza kama. Masu cibiyar da muke magana kuwa da wuya a gan su a tafin hannu ko na ƙafa, kuma ƙurji ɗaya yakan yi makonni yadda yake. Duk wadda ta yi shakka, ta kai yaron asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a duba shi sau ɗaya. Da ido ake gane su, ba sai an ɗebi jini ba.

To, an duba, an ce su ne. Yaushe za su tafi? A nan ne magana ke yi wa iyaye ɗaci, kuma gara in faɗa muku gaskiya tun yanzu. Da kansu suke tafiya, amma ba da wuri ba. Yawanci wata 6 zuwa 18. An yi wani bincike a Birtaniya, aka wallafa shi a 2015, inda aka bi yara kusan 300 masu wannan cuta. Aka tarar a matsakaici sai da ta ɗauki wata 13 kafin ta rabu da yaro. Kusan kashi 30 cikin 100 sun kai wata 18 ba su rabu da ita ba, kashi 13 kuma sun kai shekara 2. Abin da ke jawo jinkirin shi ne, wannan ƙwayar cuta ta iya ɓuya. Tana zaune a saman fata, tana fitar da wasu sinadarai da ke hana garkuwar jiki lura da ita. Ran da garkuwar ta farga, cikin 'yan makonni ko watanni kaɗan take share su. Kuma ba ƙurji ɗaya ne ke yin shekara ba. Wannan ya tafi, wancan ya fito, saboda tsoffin suna haifar da sababbi. Ke nan aikin uwa a gida guda biyu ne: ta rage yaɗuwarsu, ta kuma kare fatar yaron daga rauni har garkuwar jikinsa ta yi nata aikin.

Yaɗuwar kuwa daga farin abin nan na ciki take. Cike yake da ƙwayoyin cutar. Yaro ya sosa hammata, ƙurji ya fashe, abin ya maƙale a farcensa, ya kai hannu wuya, ya dasa wani ke nan. Shi ya sa wani lokaci za ku ga sun jeru a layi ɗaya, hanyar da farce ya bi. Daga lokacin da aka dasa zuwa fitowar sabo yakan ɗauki mako 2 zuwa 7, wani lokaci har wata 6, don haka ba a cika gane inda aka kwaso ba.

Yanzu mu leƙa makewayi. A gidaje da yawa soso ɗaya ne, rataye a ƙusa, jiƙe tun safe. Da yamma a tara yara, a fara da babba a ƙare da auta, kowa a dirje shi da sosan nan har fata ta yi ja, sannan a goge su da tawul ɗaya ko da gefen zani. Sosan ya bi ta kan ƙurajen na farko, ya fasa biyu, ya kwashi abin da ke ciki, ya kuma kankare fatar na biyu ya buɗa wa cutar ƙofa. A binciken nan na Birtaniya, a gida 4 cikin 10 cutar ta tsallaka zuwa wani yaron gidan. A ganina gyaran makewayi shi ne rabin maganin wannan cuta.

Ga yadda za a yi. Mai ƙurajen a ware masa tawul nasa, ko tsohon zani mai tsabta, kowa ya san nasa ne. In da hali a ajiye soso gaba ɗaya a wuraren da ƙurajen suke, a wanke da tafin hannu da sabulu mai sauƙi, a zuba ruwa. In ana yi wa yara wanka a jere, shi ne na ƙarshe, kuma kada a zaunar da su a baho ɗaya. Bayan wanka kada a goga tawul, a riƙa dannawa a hankali har ruwan ya tsane, a fara da inda ba ƙuraje, a ƙare da inda suke. A shanya tawul ɗin a rana. Ita kuma mai wankan ta wanke hannunta da sabulu kafin ta ɗauki jariri. Rigarsa da wandonsa kada ƙaninsa ya saka sai an wanke, amma wanki na yau da kullum ya isa, ba sai an tafasa ba, balle a ƙona.

Sai farce. A yanke wa yaro farce duk mako, a kankare bakinsa ya yi santsi. Faɗa da duka ba sa hana ɗan shekara 3 susa, musamman cikin barci. Abin da ke hanawa shi ne a rufe wurin kuma a rage ƙaiƙayin. Riga mai hannu ta auduga, sakakkiya, ta fi ta leda mai matse jiki tana tara gumi. Ƙurjin da ke inda riga ba ta kai ba, a manna masa ɗan filasta in zai fita wasa ko makaranta, musamman yaran nan masu kokawa a yashi. In dare ya yi, in shi kaɗai yake kwana a shimfiɗarsa, a cire filastan fata ta sha iska. In kuwa su huɗu ne a katifa ɗaya, to a sa masa rigar barci mai rufe wurin. In ƙurajen suna ƙeya ko gefen fuska, a gaya wa mai aski kada kilifa ko aska ta bi ta kansu.

Makaranta fa? Ya tafi abinsa, boko da Islamiyya duka. Ba dalilin zaunar da yaro a gida shekara guda saboda abin da ba ya hana shi komai, kuma ba dalilin ware masa kwanon abinci. Ba ta numfashi ake ɗauka ba, ba ta abinci ba. Ina roƙon malamai su ma su kula, don wani lokaci tsokanar yara ta fi ƙurajen damun mai su, musamman in a fuska suke.

Game da ƙaiƙayi, sau da yawa ba ƙurjin ne ke yi ba, fatar da ke kewaye da shi ce take bushewa, ta yi gautsi, ta yi fari-fari ko ja. Yaran da dama can suke da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi su suka fi shan wahala, kuma nasu sun fi yaɗuwa. Da hunturu abin yakan ƙaru. Maganinsa yana ɗakin kowace uwa: man kaɗanya mai kyau, ko basilin fari wanda ba turare. A shafa bayan wanka tun jiki da ɗan danshi, safe da yamma. Sai dai akwai dabara. A fara shafe sauran jiki, a bar wurin ƙurajen ƙarshe, a ɗiga man a kewayensu da kan yatsa, kada a mulmula daga kansu zuwa lafiyayyar fata. Kuma kada a mayar da yatsan nan cikin kwalbar da kowa ke ɗiba, a ɗebo nasa a murfi tukuna. Man ba ya kashe cutar, kada a ce na faɗa. Fata yake lausasawa, susa ta ragu, yaɗuwa ta ragu. A rage sabulai masu ƙarfi, da ruwan maganin nan mai wari da ake ɗigawa a bokitin wanka, don busar da fata suke ƙara yi. In ƙaiƙayin ya hana barci, ma'aikacin lafiya zai iya ba da man haidirokotizon mai kashi 1 cikin 100, a shafa a fatar da ta yi gautsi na 'yan kwanaki kawai.

Yanzu ga inda aka fi ɓarna. Sau da yawa tabon da ake gani a jikin yaran da suka yi wannan cuta ba cutar ce ta bar shi ba, hannun manya ne. Mako ya wuce, wata ya wuce, ƙuraje suna nan, sai maƙwabta su fara kawo shawara. Wata ta ce a matse. Wata ta ce a tsokane da allura ko ƙaya a fitar da idon. Wani ya ce a kai wa wanzami ya tsaga. Matsewa tana watsa farin abin nan a fata da yatsu, sai a cire biyar a dasa ashirin. Allura da reza kuma suna buɗa hanya ga wasu ƙwayoyin cutar, waɗanda ke kawo maruru da gyambo, kuma ƙarfen da aka yi wa wani aiki da shi yana iya ɗauko ciwon hanta, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko sarƙewar haƙora. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Akwai kuma masu ƙonawa. A daka tafarnuwa a ɗaure a kan ƙurji a kwana. Ma'aikatan asibiti sun san wannan aikin da gani: da safe a kwance tsumma, a tarar wurin ya tashi ya yi bororo, faɗin kwabo, fatar ta saluɓe, ga ɗan ƙurjin nan zaune a tsakiya ko gezau. Haka kanwa, haka man goge baki, haka toka da lemun tsami, balle ruwan batir ko sodar da ake haɗa sabulu da ita, waɗanda ke cin nama. Fatar yaro ba ta kai ta babba kauri ba. Kuma baƙar fata tana da halinta, duk inda ta ƙone takan bar baƙin tabo ko fari mai daɗewa, wasu kuma jikinsu yana yin tusar jaki, tabon nan mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda magance shi ya fi na ƙurajen wuya nesa ba kusa ba.

Ku kuma iyaye maza, ga naku. Kafso da sirof na kashe ƙwayoyin cuta, irin su amfisilin da tetarasaikilin, ba sa taɓa bairos. Ko an sha, ko an fasa an barbaɗa, asarar kuɗi ce. Wanda ya fi damuna shi ne man shafawar nan mai haɗi uku da ake sayarwa a kowane kemis, wanda wasu iyaye har cikin man jariri suke juye shi. Akwai sinadarin sitiroyid mai ƙarfi a ciki. Yana kwantar da ƙaiƙayi, shi ya sa ake ganin kamar yana aiki, amma yana sa fata ta yi siriri ta koɗe, yana kuma danne garkuwar da muke jira ta tashi ta kori cutar.

Na san ba kullum uwar yaro ce mai yanke hukunci ba. Kaka za ta ɗaga rigar jikanta ta ce, “Ke 'yar nan, wata nawa kina kallon abin nan? Miƙo min allura.” Amarya ba za ta iya cewa a'a kai tsaye ba, kuma bai kamata a ce ta yi musu da surukarta ba. Abin da za ta iya cewa shi ne, “Inna, na kai shi asibiti, sun ce in an fasa yaɗuwa suke yi, wai a ba su lokaci. Ga man kaɗanya ina shafa masa.” Sauran aikin na maigida ne, shi ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa ya yi mata bayani. Mafi kyau ma, ran da za a koma asibiti a tafi da Inna, ta ji da kunnenta. Ba mugunta ce ta sa ta neman allura ba, tausayin jikanta ne.

Akwai wani mataki da ke ruɗa iyaye ƙwarai, ku saurara da kyau. Bayan watanni, sai wata rana a ga ƙurji ɗaya ko biyu sun yi ja, sun kumbura, sun yi kamar za su tara mugunya, har su yi ɓawo. Uwa ta ce shi ke nan, abin ya lalace. Sau da yawa kuwa albishir ne. Garkuwar jiki ce ta farga ta far musu, kuma daga nan sauran sukan bi sahu su bushe. Abin yi shi ne a wanke da ruwa da sabulu, a rufe da filasta mai tsabta, a sa ido. Yadda za a bambanta da wanda ƙwayoyin cuta suka shiga da gaske shi ne: jan yana faɗaɗa kullum yana cin lafiyayyar fata, wurin ya ɗau zafi, yaro yana kuka in an taɓa, mugunya tana ta zuba, ko zazzaɓi ya shigo. Wannan kam asibiti, ranar, ba gobe ba. Wata dabara mai sauƙi: a zagaye jan da biro da yamma, da safe a duba ko ya tsallake layin.

Ban da wannan, akwai wasu halaye da ba a zauna da su a gida. In ƙurji yana kan fatar ido, ko idon ya yi ja yana hawaye, a kai a duba, kuma kada a kusanto da kowane magani wurin. In suna gaban yaro ko duburarsa, yawanci da hannunsa ya kai su can wajen susa, amma duk da haka ma'aikacin lafiya ya gani. In jariri ne ɗan watanni, a kai shi. In kuwa sun yi yawa fiye da kima, sun rufe fuska, ko sun yi manya-manya sun wuce girman wake, ko yaron yana ramewa, yana yawan gudawa da rashin lafiya, to wataƙila garkuwar jikinsa ce ta yi rauni. Tamowa tana iya jawo haka, wasu magunguna ma haka, cuta mai karya garkuwar jiki ma haka. In likita ya ce a yi gwajin jini, kada a ji haushi, kada a gudu. Gwajin ba zargi ba ne, kuma in an samu wani abu, akwai magani.

Wani zai ce, to su likitoci ba su da abin cire su ne? Suna da shi. Akwai kankarewa da ɗan ƙarfe mai tsabta bayan an sa maganin kashe zafi, akwai daskarar da ƙurjin da wani ruwa mai tsananin sanyi. Duka biyun suna da zafi, suna iya barin tabo, kuma ba sa hana waɗanda aka riga aka dasa fitowa. A 2017 masana sun tattara gwaje-gwaje 22 da aka yi kan magungunan wannan cuta, suka ce ba su ga ko ɗaya da ya nuna fifiko a fili ba. Bayan nan an samu sababbi. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani mai suna kantaridin, wanda asalinsa daga jikin ƙwaro ne dangin hangara. Duk wanda ya yi noma ya san abin da hangara ke yi wa fata. To haka maganin ke yi, ya tayar da bororo a kan ƙurjin ya ɓare da shi. Amma awo ne da shi, likita ne kaɗai ke ɗiga shi, kuma guba ne in ya shiga baki. Kada wani ya ji wannan ya tafi gona neman ƙwaro. A farkon 2024 kuma hukumar ta amince da wani man da iyaye ke shafawa a gida, mai suna badazima. A babban gwajinsa, bayan mako 12 kusan yaro 1 cikin 3 ne ya rabu da ƙurajen gaba ɗaya, alhali cikin waɗanda aka shafa wa man da ba magani a ciki ma kusan 1 cikin 5 ya warke. Kun ga ko a ƙasar da ake da kuɗi da kayan aiki, taimako maganin ke yi, jiki ne mai ƙarasawa. Don haka duk wanda ya tare ku a kasuwa ko a waya da kwalba, ya ce kwana uku za su zube, ku riƙe kuɗinku.

Wa ya kamata a yi wa irin wannan aikin na asibiti? Yaron da nasa suke fuska har ya fara ƙin zuwa makaranta, ko wanda suke inda wando ke gurzawa suna jini, ko mai busasshiyar fatar da suke ta bazuwa a kanta. Wannan sai a nemi likitan fata, a manyan asibitoci ake samunsu. Saura kuwa, waɗanda guda goma ne a ƙarƙashin riga ba sa damun kowa sai mai kallo, ni dai shawarata a bar su. Mai waya ta ɗauki hoton wurin sau ɗaya a wata, a wuri mai haske. Ido yana mantuwa, amma hoto zai nuna ko raguwa suke ko ƙaruwa, kuma zai taimaki ma'aikacin lafiya ran da aka je.

Idan sun tafi, wurin yakan bar ɗan duhu ko ɗan haske, wani lokaci da ɗan rami ƙarami. Launin yana komawa daidai a hankali cikin watanni, kada a bi shi da man bilicin. Da zarar ƙurji na ƙarshe ya bushe, yaron ba ya shafa wa kowa, ya koma tawul da soso irin na kowa, sai dai a saya masa sabon soso a jefar da tsohon. Yana yiwuwa ya sake kamuwa wata rana in ya haɗu da mai ita, ko ƙaninsa ya fito da nasa bayan 'yan watanni. In haka ta faru, hanyar dai ita ce wannan.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuri'a.